Ticha Fataw da Kwanon Awon Mma Wasila

Duk wanda ya saba kunna rediyo a Tamale ranar Asabar da hantsi ya san muryar Ticha Fataw, ko da bai taɓa ganin fuskarsa ba. Murya ce mai kauri, irin ta wanda ya daɗe yana tsawata wa 'yan aji huɗu. Amma in ka gamu da shi da safe a kan babur, ya fito daga Vittin zai tafi firamaren da yake koyarwa a Dungu, wallahi sai ka raina shi: ɗan siririn mutum mai tabarau, hular kwano ta yi masa yawa. Shekara da shekaru yana rubuta sharhi da Hausa, ya je gidan rediyo ya karanta abinsa da bakinsa. Yau ya taɓa kwatar da ta toshe, wani satin tsadar ruwan tanka, wani satin samarin da ke tuƙa yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, kamar an biyo su da sanda. Ba aikinsa ba ne, sha'awa ce kawai, kuma mutane na son sa don ba ya zagi.

Kakansa da fataken goro ya zo daga arewa, Tamale ta yi masa, ya zauna a zango. Uwar Fataw ta rasu yana goye, ubansa kuwa direban babbar mota ne, ya fi sanin hanyar Kumasi a kan ɗakin kwanansa. Ƙanwar uban, Wasilatu, ita ta ɗauki yaron. A rumfar masu awo ta raine shi, tsakanin buhunan masara da gero da wake, har tafiya ma da dafa buhu ya koya. Shi ya sa bai taɓa ce mata Gwaggo ba. Mma yake ce mata, yadda 'ya'yan Dagomba ke kiran uwa. Ita kuma tun da ya fara koyarwa ta jingine sunansa, sai Ticha, rabi girmamawa rabi tsiya.

Rumfar nan ita ce duniyar Mma Wasila. Tun tana budurwa take zaune a jere na farko, kusa da teburin Hajiya Hawawu, magajiyar masu awo. In motokin, babur ɗin nan mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, ya iso daga ƙauye, Magajiya ce ke raba buhuna, kowace mace da nata kaso. Bikin ɗaya bikin kowa ne, mutuwar ɗaya mutuwar kowa. Mijin Mma ya daɗe da rasuwa, 'ya ɗaya gare ta, Bashiratu, amma ba ta taɓa cewa ta yi kaɗaici ba, don tana da rumfa.

Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, Ticha gidanta na Kanvili yake wucewa ya ci tuwon zafi da miyar ayoyo. Mma kuwa Allah ya yi ta da baki. Kafin ya suɗe kwano ya ji wanda ya yi faɗa da wa, da abin da ya sa farashin wake ya tashi, da direban da ke zuba wa mutane ruwan dam yana cewa na famfo ne. In za a faɗi gaskiya, rabin sharhin Asabar a kan tabarmar nan ake haifarsa. Sai dai in ya je gaban makirfo ba ya cewa Mma. Cewa yake, "Wata mata ta shaida mini," ko "Masu lura da al'amura sun ce," in kuma yana son abin ya yi nauyi ya ce, "Bincike ya nuna." Akwai wata 'yar rediyo da ke rataye a jikin ginshiƙin rumfa. In Mma ta ji an ce wata mata, sai ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta ci gaba da awonta. Ba wanda ya taɓa tambayar wace mata ce.

To, sai karatu ya zo. Ticha ya doshi hamsin, yana ji yana gani yaran da ya koyar suna zama shugabannin makarantu saboda suna da digiri, shi kuwa difloma ce tun ta zamanin samartaka. Ya shiga jami'a, karatun ƙarshen mako. Ya yi ta fama har shekarar ƙarshe, aka zo rubuta kundi, aka haɗa shi da Dakta Suhuyini, wata malama da ya isa ya haife ta. Mutuniyar kirki ce, har ta gaya masa mahaifinta ba ya barin sharhinsa ya wuce shi. Wannan magana ta fasa masa kai. Ya zauna ya rubuta babin farko a kan yaran da ke gudun makaranta ranar kasuwa, ya rubuta shi yadda ya saba, da daɗin baki da kwarjini, ya miƙa yana jiran yabo.

Babin ya dawo ja wur. Kowane gefe jan biro: Wa ya ce? Wane bincike? Ina madogara? Wannan da sauƙi, don tsakaninsu ne. Abin da ya kashe shi, Dakta ta ɗauki sakin layi ɗaya ta karanta a aji don misali, ba ta faɗi mai shi ba. Ina amfanin ɓoyewa! Tana cewa "masu lura da al'amura" ajin ya kwashe da dariya, wani ɗan iska daga baya ya kwaikwayi muryar rediyon, kowa ya juyo yana kallon Ticha. Dakta ta tsawatar, ta ce sharhi daban, kundi daban. A kundi duk maganar da ba taka ba sai ka kawo sunan mai ita, da shekara, da shafi. Ta ci gaba da bayani mai tsawo, amma shi iyakar abin da ya ji ke nan. Idonsa na kan takalminsa, yana ta roƙon Allah a tashi. Daga ranar 'yan ajin suka laƙaba masa Ticha Wata Mata.

Kunyar nan ta shige shi har ƙashi. Ya duba shekarun da ya yi yana magana a rediyo, ya ga duk holoƙo ne. Ya rantse ba zai ƙara furta kalma ba sai da sunan mai ita. Kai, abin har ya zama ciwo. Matarsa Zalia ta ce masa hadari ya haɗu, ya kwashe shanya, ya ce, "In ji wa?" Ta ce, "In ji idona, Malam." Sharhin Asabar ya cika da sunayen Turawa da shekaru. Masu sauraro suka fara ƙorafi wai shirin ya koma lacca, amma 'yan aji sun rage dariya, shi kuma abin da ya dame shi ke nan.

Wata Juma'a ya tarar da Mma tana juya sabon kwanon awo tana dariya ita kaɗai.

"Mma, me ya faru?"

"Maƙerin nan ne. Na je karɓar kwano, wai na saye ne ko na sayarwa?"

"To, ba duk kwano ba ne?"

"Kai Ticha, karatun naka na banza ne." Ta kifa kwanon ta nuna masa gindin. "Na saye, ana bubbuga shi ta ciki, gindin ya faɗa waje, ya ci hatsi da yawa. Da shi ake auna wa manomi. Na sayarwa kuwa ta waje ake bubbugawa, gindin ya shigo ciki. Ido ba ya gani, amma buhu yana gani."

"Su wa ke yin haka?"

"Mu duka. Har Magajiya."

Ya ajiye lomar da ya ɗauko. "Har ke, Mma?"

Ta dube shi, ta ƙara masa miya. "Da me kake zaton na raine ka? Ci tuwonka."

Ya ci, amma kansa ya riga ya tafi gidan rediyo. Ga zalunci a fili, ana cutar manomi ana cutar mai saye, kuma ga shi ya ji daga bakin wadda ta sani. Yana komawa Vittin ya zauna ya rubuta. Hannunsa ya fara rubuta "wata mata" da kansa, saboda sabo. Ya tsaya ya kalli kalmomin nan biyu, ya tuna dariyar aji, ya soke su. Ya rubuta: kamar yadda Hajiya Wasilatu, mai awo a jeren farko na rumfar hatsi, ta shaida mini a gidanta da ke Kanvili jiya Juma'a. Har da cewa ta ambaci Magajiya. Abu ɗaya ya bari bai sa ba, wato maganar da me ta raine shi. Kuma don Allah kada a ɗauka mugunta ce. Wawan Allah, gani yake karrama ta ya yi. Har yana ƙiyasta yadda za ta yi farin ciki ta ji sunanta a rediyo bayan shekarun da ta yi tana wata mata.

Asabar da hantsi rumfa ta cika, rediyo na rataye a ginshiƙi. Mma tana cikin auna wa wata mata gero sunanta ya fito, cikakke, da muryar yaron da ta goya. Mai sayen geron ta miƙa hannu ta karɓi kwanon, ta zubar da abin da ke ciki a tire, ta kifa shi ta shafa gindin da yatsa, ta ajiye ta tafi. Kafin azahar masu saye na bin tebur-tebur suna kifa kwanuka. Ranar kasuwa ta gaba manoma suka zo da nasu kwanukan daga ƙauye.

Magajiya ba ta yi hayaniya ba, ba halinta ba ne. Da safiyar Litinin Mma ta shigo ta ce, "Dasiba," gaisuwar safe da take yi tun tana budurwa. Ba wadda ta amsa mata da "Naa." Motokin ya iso, aka raba buhuna, aka tsallake ta. Washegari ta tarar an janye teburinta daga jeren farko an kai shi can ƙarshe, bakin kwata, inda rufin rumfa ya ƙare.

Shi gogan bai san wainar da ake toyawa ba. Wayarsa sai ƙara take, ana ta jinjina masa, wai ya fasa ƙwai. Mma ba ta kira ba, ya ɗauka hidima ce ta yi mata yawa, don Bashiratu ta kusa haihuwa. Da tsakiyar mako ya ɗauki takardar sharhin ya kai wa Dakta Suhuyini ofis, yana tafe yana baza kafaɗa, ya ce ta duba ta gani ko ɗalibinta ya koyi darasi.

Ta karanta. Fuskarta ta canza.

"Ticha, wannan Hajiyar ta yarda ka faɗi sunanta?"

"Ai uwata ce."

"Ban tambaye ka ko wace ce ba. Ka tambaye ta?"

Ya girgiza kai.

"Littafi ake kira da suna, Ticha, don mai shi ya buga ne domin a kira shi. Mutum mai rai da ya gaya maka magana kuna cin abinci, ko a kundi sai ka nemi izininsa, kuma mu kan ɓoye sunan, mu ce wata 'yar kasuwa. Balle rediyo, inda gari duka ke ji. A sharhi sunanka ne jingina. Kai ka auna maganar, ka yarda da ita, ka ɗauki nauyinta a kanka. Ranar nan a aji duk na faɗi wannan."

Ta faɗa kuwa. A lokacin ne yake kallon takalminsa.

Ya hau babur ya nufi kasuwa. Tun daga nesa ya hango ta. Tana zaune a rana, ta yafa mayafi a ka, gabanta ɗan ragowar wake a tire, ƙudaje na tasowa daga kwata. Matar da ya saba gani a tsakiyar hira, ana ta shewa, ga ta ita kaɗai tana kallon ƙafafun masu wucewa. Ya kasa ƙarasawa. Ya zagaya ta baya ya je wurin Magajiya, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna a gaban mata, mai tabarau da shi, yana ba da haƙuri.

Hajiya Hawawu ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Ɗana, a rumfar nan ka yi rarrafe. Ba wadda ba ta ba ka ƙosai ba a cikinmu. Da ka ce wata mata, da mun ji haushi mu haɗiye, mu sake kwano a hankali. Amma ka ce Wasila ce ta kai mu, har da sunana a bakinta. Abu ɗaya zan iya yi maka. Ka koma inda ka yi maganar, ka ce Wasila ba ta gaya maka komai ba, kai ka ƙirƙira ka jingina mata. In na ji haka Asabar, Litinin teburinta na nan kusa da nawa."

Ka ji fa. Ƙofa ta buɗe, amma sai ya taka sunansa zai shige. Wato so ake ya je gaban gari ya ce shi maƙaryaci ne, shi da aka sani da gaskiya, kuma a kan maganar da ya san gaskiya ce. Juma'ar nan bai je Kanvili ba, ya ce wa Zalia kansa ke ciwo. Ya rubuta abin da Magajiya ta nema, ya yage. Ya sake rubutawa, ya tuna 'yan aji za su ji, da Dakta, da mahaifin Dakta, ya yage. Ya ce wa kansa manoma yake karewa. Wataƙila da gaskiyarsa a nan, amma ko shi ya san ba manoma ne suka riƙe masa hannu ba.

Asabar ya shiga ya ɗauki hanyar tsakiya, wadda yake gani ta masu hankali ce. Ya ce yana neman afuwar mahaifiyarsa Hajiya Wasilatu, domin maganar da ta gaya masa ta cikin gida ce, bai kamata ya ambaci sunanta ba. Innalillahi! Wato ya sake kiran sunan, ya kuma tabbatar wa duk mai shakka cewa ita ɗin ce ta faɗa. An ce Magajiya da kanta ta miƙe ta kashe rediyon.

Bashiratu ta haihu, namiji. Tun cikin yana ƙarami matan rumfa suka fitar da yayi, atamfa iri ɗaya da za su ɗinka su zo suna da ita, kamar yadda suke yi wa kowa. Mma ta ɗinka tata, ta ɗaura ranar suna. Aka kafa rumfar haya a ƙofar gida, aka jera kujeru, aka dafa shinkafa a manyan tukwane, irin girkin da ake yi in ana jiran kasuwa guda. Maza sun zo da safe an raɗa suna. Dangi sun zo, maƙwabta sun zo. Jeren kujerun gaba da aka ware wa matan rumfa ya zauna haka nan har la'asar. Mma na ta kai da kawo cikin atamfar da ita kaɗai ke sanye da ita, duk babur ɗin da ya tsaya sai ta ɗaga kai. Ticha yana can gefe a kan benci, an ajiye masa shinkafa ta huce bai taɓa ba. Da yamma shi ya taya masu haya tara kujerun, don ya rasa inda zai sa idonsa.

Ba ta daɗe ba ta bar kasuwa. Ta ce gwiwa ce ke damunta. Yanzu a ƙofar gida take kasa ɗan gero da wake a kan tebur, masu wucewa su saya. Kwano ɗaya gare ta. An ce a rumfa ma an gyara kwanuka na ɗan lokaci, sannan aka koma gidan jiya.

Ba ta taɓa yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi masa sauƙi. Ya koma zuwa gidanta duk Juma'a, tuwon na nan, miyar na nan, har ta kan ƙara masa nama. In ya ce, "Mma, ya kasuwa?" sai ta ce, "Alhamdulillahi." In ya ce me ake ciki a unguwa, ta ce, "Lafiya lau." Daga nan sai ƙarar cokali a tukunya. Ya taɓa tsugunawa zai ba ta haƙuri, ta ce ya tashi, tuwo zai huce. Sharhin Asabar kuwa ya rame, ya koma maganar kwata da shara, daga baya ya ce wa gidan rediyo karatu ya yi masa yawa, ya daina zuwa.

Kundin dai ya kammalu, kuma ya yi kyau. Kowace magana da madogararta, iyayen yaran da ya yi hira da su duk ya nemi izininsu ya ɓoye sunayensu. Dakta Suhuyini ta sa hannu ta ce saura shafin sadaukarwa, wannan nasa ne, ya sa wanda yake so. Bai yi dogon tunani ba. Amma wannan karon ya ce sai ya tambaya.

Ranar Juma'a ya same ta a ƙofar gida, jikanta na barci a cinyarta. Ya zauna a bakin dakali, ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Mma, na gama littafin makaranta. Akwai shafi a farko da mutum ke rubuta wanda ya fi yi masa komai a duniya. Ke nake so in sa. Na zo neman izini ne, in kin yarda in rubuta sunanki."

Ta gyara wa jaririn zani. Wata yarinya ta zo sayen gero, Mma ta auna mata, ta cika kwanon har ya yi tozo, ta ƙulle a leda ta miƙa. Sai da yarinyar ta yi nisa sannan ta ce, ba tare da ta dube shi ba:

"Ka sa wata mata."